Yadda Ruwa Ya Hau Dutsen Tsololo

Da sunan Allah nake buɗe baki, wanda ya yi tudu ya yi kwari, ya kwantar da ruwa a ƙasa, ya bar ƙishirwa a sama. Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku, in ba ku labarin inda ƙafata ta taka, da abin da idona ya gani, da abin da wuyana ya ɗauka. Ni ne Nomau ɗan Cindo, ɗan ga-ruwa jikan ɗan ga-ruwa, mutumin Tsololo, garin da ke zaune a kan dutsen da ko shaho sai ya yada zango kafin ya kai ƙololuwarsa.

Ba don sha'awa kakanninmu suka hau dutsen nan ba. Filin da ke gindinsa makiyayar giwaye ce, irin giwayen da in ɗaya ta jingina da ɗaki don ta sosa bayanta, sai mai ɗakin ya tsinci kansa a fili. A sama muna da iska, muna da zumar dutse da babu irinta a duniya, muna da kwanciyar hankali. Ruwa ne kawai babu. Ruwanmu yana can ƙasa a wani tafki, hanyar kuwa ko jaki ba ya iya hawanta, saboda haka duk ɗigon da aka sha a Tsololo a kan mutum ya hau. Shi ya sa ko cikin taro ake gane mu 'yan ga-ruwa, tsakiyar kanmu a shafe take kamar faranti, gashi ya daɗe da yin ƙaura. Shugabanmu shi ne yayana Barau, Sarkin Ga-ruwa, mutum mai ƙaton wuya da ɗan ƙaramin haƙuri.

To, sai gari ya fara tsiyayewa. Samari suna sauka ba sa dawowa. Garuruwan nesa suka daina ba mu 'ya'yansu aure, wai amaryar Tsololo da ludayi take wanka. Magajiya Tabawa, wadda ke riƙe da garin, ta ce in aka ci gaba a haka, nan gaba ƙadangaru za ta riƙa yi wa shari'a.

Ana cikin haka wani falke mai sayen zuma ya ba da labari a kasuwa cewa can yamma akwai Birnin Marmaro, inda ruwa ke hawa tudu ba tare da kan mutum ba. Jama'a suka yi dariya. Ni kuwa, da yake ranar na sha fura na ƙoshi, sai na ce in dai abin nan yana duniya, ni Nomau zan iya ɗauko shi. Kafin la'asar maganar ta isa fada. Magajiya ta sa aka kira ni, ta dubi wuyana, ta dubi ƙafafuna, ta tambaya ko ni ne mai ɗauko abin da ke hawo da ruwa.

Na ce, "Ranki ya daɗe, fura ce ta yi magana."

Ta ce, "To, fura ta yi magana, kai kuma za ka yi tafiya."

Aka tara zumar garin kaf, aka sauko da ita, aka ɗora a jakunan falken don in yi musaya da ita. Yaya Barau ya rako ni har gindin dutse, ya ce in gaishe masa da ruwa mai ƙafa.

Hanya ɗaya ce tak take fita daga yankinmu zuwa sauran duniya, wani matsattsen mashigi tsakanin tsaunuka, kuma yana hannun mutanen Mungada. Mungadawa mutane ne masu karamci, amma suna da doka guda da ba sa wasa da ita. Abin da kakanninsu ba su sani ba, ba ya wuce ƙofarsu. Duk sabon abu sai su jefa shi wani rami mai zurfi a bayan ganuwa. Na leƙa ramin, na ga abubuwa iri-iri suna ruɓewa, waɗanda har yau ban san amfaninsu ba. Mai tsaron ƙofar, wani dattijo da ake kira Mantau, ya binciki kayanmu, ya ɗanɗana zumar, ya sake ɗanɗanawa, ya kira ƙannensa su ma suka ɗanɗana, har sai da suka gamsu cewa irin ta kakanni ce. Sannan ya ba mu hanya.

Muka ratsa dajin da itatuwansa ke kwanciya da tsakar rana su miƙe da yamma, muka ƙetare fadamar da kwaɗinta ke amsa sallama, har muka iso Marmaro. Falken bai yi ƙarya ba. Birnin yana gefen wani kogi mai gudu, kuma a jikin ganuwarsa akwai wasu abubuwa na katako masu kama da gargaren da yara ke garawa, sai dai kowanne ya fi soro tsayi. An ɗaure musu tuluna a kewaye, suna juyawa a hankali. Tulu ya taso a cike, ya juye a kwararo, ya koma ƙasa wofi. Sunan abin uwar-guga. Rabinta na sama kawai baƙo yake gani, domin rabin ƙasa yana cikin wani rufaffen gini da ba a shiga. A gindin kowace uwar-guga kuwa ga mawaƙa zaune a inuwa, suna rera mata waƙa ba fashi.

Na tsaya ina kallo har tsuntsu ya sauka a kaina ya huta.

Masassaƙan da ke yin ta ba su da wuyar samu, domin kowannensu da ƙararrawa ɗaure a idon sawu. Dokar Marmaro ce, masassaƙi ba ya fita birni har ya mutu, in ya doshi ƙofa masu gadi za su ji motsinsa. Kuma kowane gida yanki ɗaya ya iya. Masu sassaƙa cibiyar tsakiya ba su san hannayen da ke fitowa daga jikinta ba, masu hannaye ba su san bakin da ya kewaye su ba. Da na roƙe su su koya mini, sai suka dube ni kamar na ce su ara mini haƙoransu. Amma da na ce saye zan yi, nan take fuskoki suka washe. Shugabansu, wani mai taushin murya da ake ce wa Shekarau, ya karɓi zumar duka, ya ba ni uwar-guga sabuwa fil. Ya ce in ta lalace kada in wahalar da kaina wajen gyara, in dai dawo da wata zumar.

Na tambaye shi abin da ke juya ta. Ya dubi mawaƙan nan, ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce tunda ni baƙon kirki ne, zai sa a koya mini waƙar kyauta. Na zauna na haddace ta tsaf:

Juya, juya, uwar-guga,
ki sha a ƙasa, ki tofar a sama,
juya, gajiya ba taki ba ce.

Babu jakin da zai ɗauki uwar-guga, don haka na kwance mata tuluna, tunda tulu ba shi muka rasa a Tsololo ba, na rabu da falke, na kama gara ta da hannu. Na gara a tudu tana neman taka ni, na gara a gangare tana neman guje mini, har muka dawo ƙofar Mungada.

Mantau ya kewaye ta, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, ya tambaye ni mene ne wannan. Na hango bakin ramin nan, na tuna zumar mutane, sai na ce faifai ne. Ya ce kakanninsu sun san faifai, amma wannan ya yi girma. Na ce ai Magajiyarmu Allah ya hore mata ci, ƙwaryar tuwonta za a rufe da shi. Ya ce faifai ba ya da ɓula-ɓula haka. Na ce don tururi ya riƙa fita ne.

Abin ya fi ƙarfin Mantau, sai ya tara dattawa. Suka zauna a ƙarƙashin kuka suka yi ta musu har inuwa ta juya. A ƙarshe suka yanke cewa faifai ba ya tabbata faifai sai an ga ya rufe ƙwarya, kuma tunda ba su da ƙwarya mai wannan girman, za su shuka duma su jira. In duman ya yi ɗan da ya kai, a ba ni hanya, in bai yi ba, a jefa faifan rami. Kafin nan ni baƙonsu ne, ci da sha a kansu. A gabana suka tona ƙasa suka sa irin, suka yayyafa masa ruwa.

Na yi musu godiya ƙwarai. Na ce amma rana za ta fasa faifan, a bar ni in matsar da shi inuwa. Inuwar da na zaɓa tana bakin ƙofa ta wajenmu, daidai inda gangare ya fara. Na gara uwar-guga har can, na shige tsakanin hannayenta, na ƙanƙame, na tokari ƙasa da ƙafa.

Abin da ya biyo baya ba na so in tuna shi bayan cin abinci. Sama ta zama ƙasa, ƙasa ta zama sama, sai kuma suka sake musanyawa. Daga nesa ina jin Mantau yana kira wai in dawo, an riga an ɗora mini tukunya. Muka keta filin giwaye, ni da uwar-guga, giwayen da ba su taɓa kauce wa kowa ba suka watse suna kururuwa. Ba mu tsaya ba sai cikin laka a bakin tafkinmu. Matan da ke wanki suka janyo ni ta ƙafa, na miƙe na gaishe su, na sake faɗuwa.

Washegari garin duka ya sauko. Aka kafa ginshiƙai a bakin tafki, aka ɗora uwar-guga, aka ɗaura mata tuluna. Magajiya ta zauna a tabarma, Yaya Barau ya harɗe hannu a bayanta. Na sa sabuwar riga, na yi gyaran murya, na rera waƙar. Uwar-guga ba ta motsa ba. Na ɗaga murya. Wani kwaɗo ya fito daga ruwa, ya hau ɗaya daga cikin tulunan, ya zauna yana kallona. Yaya Barau ya ce wataƙila karin harshena ne ba ta ganewa, in gwada yi ta hanci kamar mutanen yamma. Na gwada. Aka kawo makaɗa suka taya ni, muka yi tun hantsi har azahar, muryata ta koma kamar ta agwagwa. Can wata tsohuwa ta tambaya, ko da abin nan ya juya, tunda tsayinsa bai wuce soro ba, wa zai kai ruwan sauran dutsen? Wannan tambayar ba ta taɓa zuwa mini ba tun daga Marmaro.

Magajiya ta tashi ta kaɗe zanenta. Ta ce, "Nomau, zumar garin nan ka kai, ka dawo mana da kujerar kwaɗo. Ka zaɓa. Ko ka zauna nan kana waƙa har ta juya, ko ka koma ka gano abin da ba ka gano ba."

Na zaɓi tafiya.

Na sake dosar ƙofar Mungada. Mantau ya gane ni tun daga nesa, ya sa aka tara dattawa. Suka bincika abin da kakanni suka ce a yi wa wanda ya gudu a cikin faifai, suka tarar kakanni ba su taɓa jin irin wannan laifin ba, balle su bar masa hukunci. Dole suka sake ni. Mantau ya kai ni ya nuna mini duman, ya fara yaɗo, ya ce har yanzu suna sa rai.

Marmaro ba ta komuwa hannu wofi. A wani zango na ji matafiya suna hirar garin Kaɗawa, can arewa, inda su ma ruwa ke hawa, kuma babu mawaƙa. Na juya na nufi can. Tun kafin in hango garin na fara haɗuwa da huluna da ɗankwalaye suna tafe su kaɗai a hanya. Kaɗawa gari ne na iska. Kowa da duwatsu a aljihu, kaji a ɗaure suke kiwo, siraran mutane ba sa fita sai da mai ƙiba. Magana kuwa da ƙarfi ake yin ta, ko gaisuwa ce sai ka ɗauka rigima ake. A kan kowace rijiya akwai dangin uwar-guga, amma tasu a sama take bisa doguwar hasumiya, da fukafukai na tabarma, tana jan wata doguwar igiya mai jerin guga daga can ƙarƙashin ƙasa.

Mutanen Kaɗawa ba sa ɓoye komai. Da na yi tambaya, mai shayi ya yi mini bayani, wanzami ya yi, mai wankin kai ma ta yi, kowa da irin nasa. Na yi ta gyaɗa kai, na ɗauka na iya. Na samu itace da tabarma na harhaɗa 'yar ƙarama don gwaji. Ta juya sau ɗaya, ta tashi sama, ta kwashi shanyar maƙwabta ta yi gabas da ita.

Mai shanyar ta fito da gizago a hannu. Tsohuwa ce gajeriya mai faɗin kafaɗa, sunanta Laure, masassaƙiya ce, kuma duk garin an yarda babu wanda ya fi ta hannu, babu kuma wanda ya fi ta baki. Ta wanke ni tas, ta haɗa da iyayena da garinmu. Da ta gaji ta tambayi abin da ya kawo ni. Na ba ta labari tun daga fura har zuwa kwaɗo. Da na zo kan waƙar, sai ta zauna dirshan a ƙasa tana dariya har da hawaye.

Ta ce, "Ɗan nan, kogi ne ke tura ta. Shi suka rufe da gini don kada ka gani. Mawaƙan an ajiye su ne saboda baƙi irinka."

Ta ce ta san haka ne domin kakarta 'yar Marmaro ce. Mazan can sun ɗaura wa junansu ƙararrawa, amma ba su ɗaura wa mata ba, don a ganinsu mai kai abinci wurin sassaƙa ba ta ganin komai. Kakar ta kai tuwo gidan masu cibiya, ta kai kunu gidan masu hannaye, ta ga duk abin da kowane gida yake ɓoye wa ɗan'uwansa. Da aka aurar da ita Kaɗawa ta tarar babu kogi sai iska, sai ta ɗaga abin sama ta sa masa fukafukai.

Na ce, "Gwaggo, koya mini."

Ta kama hannuna ta juya shi, ta ce wannan hannun zai koya, amma sai na yi furfura, kafin nan garinmu ya zama kufai. Sana'ar ba a kunne take shiga ba. In muna so, sai dai mu tafi da mai hannun.

Na kewaya masassaƙan garin ina roƙo. Babu wanda ya yarda ya bar gidansa ya tafi dutsen da ake wanka da ludayi. Amma abin mamaki, duk wanda na tambaya sai ya ce me zai hana in tafi da Laure. Maƙwabtanta suka je suka yi ta zuga ta, wai ƙwarewa irin tata ta fi ƙarfin ƙaramin gari. Ita kuwa dama ta yi faɗa da kowa a Kaɗawa har ta fara maimaitawa, sai ta amince. Ranar tafiyarmu unguwarsu ta haɗa mana guzuri mai yawa, aka rako mu da kalangu har bayan gari, wasu suna kuka, amma ban ga alamar baƙin ciki a kukan ba.

A ƙofar Mungada Mantau ya zazzage kayanmu. Gizago, kakanni sun sani. Dutsen washi, sun sani. Bai sami sabon abu ko ɗaya ba, alhali duk abin da muka ɗauko yana tsaye a gabansa yana taunar goro. Laure kuwa ta dubi ƙyauren ƙofarsu, ta fara faɗa a kan wanda ya sassaƙa shi a karkace, ta gangaro kan rawanin Mantau, ta koma kan yadda suka yi wa duma rumfa. Mantau ya matso kusa da ni ya rage murya.

Ya ce, "Wannan kam kakanninmu sun san irinta. Ku wuce, don Allah, kada ku tsaya."

A cikin kwando na hau da Laure Tsololo, bisa shafaffen kaina, tana gyara mini tafiya tun daga gindi har sama. Da ta sauka ta lashi yatsa ta ɗaga, ta ce iskarmu ta yara ce, amma za ta yi.

Sai dai Yaya Barau ya ga abin ya fara zama gaske. Ya tara 'yan ga-ruwa ya ce musu ƙaninsa ya kawo tsohuwar da za ta raba su da abincinsu. Suka kife tulunansu a ƙofar fada, gari ya wuni babu ruwa. Magajiya ba ta yi faɗa ba. Ta ce in abin ya yi, igiya da guga da duk kulawarsa a hannun 'yan ga-ruwa za su kasance, su da jikokinsu, in kuma bai yi ba, ba su rasa komai ba. Sannan ta ɗauki tulu guda ta ɗora a kanta ta nufi hanyar tafki. Kunya ta sa suka bi ta suka karɓe. Yaya Barau dai ya ce shi ko kusa da wurin ba zai je ba.

Laure ta sa aka sare rimi, domin da itace mara nauyi suke aiki a garinsu. Muka kafa hasumiya a bakin dutse, daidai saman tafki, ta yi kyau har mutane suna zuwa kallo. Abin da ba ta sani ba, a Kaɗawa babu gara, iska ba ta barin ta ta zauna. Garar Tsololo kuwa ko muciya aka manta a ƙasa sai a tarar da suna kawai. Wata safiya Laure ta jingina da ginshiƙi tana ba da umarni, sai hasumiyar ta zube a kanmu kamar garin tuwo.

A ranar Yaya Barau ya zo, don dariya kawai. Ya ce ko jariri a Tsololo ya san ba a gini da rimi, sai ƙirya ko giginya. Laure ta ce ƙirya nauyi gare ta kamar kansa, iska ba za ta juya ta ba. Ya ɗauki igiyarta ya ja, ta tsinke, ya ce wannan ko akuya ba za ta riƙe ba. Ta ce in ya iya ya tuƙa wadda ta fi ta. Ya ce zai tuƙa don ta ga iyakarta. Haka suka yi ta yi, kullum tun safe yana wurin don kada ta faɗi magana babu mai mayar mata. Daga cikin faɗan nan aka sami ginshiƙan ƙirya, da fukafukan kaba, da igiyar rama mai kaurin damtse. Tuluna suka yi ta fashewa a jikin dutse, sai aka koma gugan fata. Kowanne a cikinsu har yau cewa yake shi ya kawo shawarar.

Damina ta zo ta wuce kafin mu gama. Ranar da aka saki fukafukan, iska ta kama su, cibiya ta yi ƙara, igiya ta fara tafiya. Can sai ga guga ya leƙo bakin dutse, yana ɗiga, ya karkata ya juye cikin kwamin da muka gina a tsakiyar gari. Wata mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Aka sha, aka yi wanka da ƙwarya, aka wanke abin da ba a taɓa wankewa ba. Na ga dattijo ya wanke akuyarsa, ya sake wanke ta.

Zuwa la'asar duk wata randa da tukunya a garin ta cika. Magajiya ta ce madalla, ya isa haka, a tsayar da ita sai gobe. Laure ta dube ta da mamaki, ta ce tsayarwa kamar yaya? A Kaɗawa ba a taɓa neman a tsayar ba, yashin gonakinsu yana shanye duk abin da ya fito.

Dutse kuwa ba ya shan ruwa. Kwami ya cika ya tumbatsa, ruwa ya bi lunguna, ya shiga zauruka, ya ɗaga tabarmi. Katangun laka suka fara laushi, takalman Magajiya suka fita fada suna iyo. Iska kuma kamar da gayya ta ƙara ƙarfi, ba wanda ya isa ya kusanci fukafukan. Dole aka kira 'yan ga-ruwa. Muka ɗauki tulunanmu, muna ɗiba daga tsakar gari muna sauka da shi muna zubawa a tafki, uwar-guga tana sake ɗebo shi tana riga mu hawa. A kan hanya na haɗu da Yaya Barau da tulu a ka, gumi yana zuba.

Ya ce, "Ka gani, Nomau? Da muna hawa da kaya mu sauka wofi. Yanzu muna sauka da kaya mu hau wofi. Sannu da ƙoƙari."

Sai da iska ta lafa Laure ta sassaƙa wani gungumen ƙirya da ake cusawa a cibiya in ana so ta tsaya. Ta sa masa suna Barau, wai shi ma aikinsa hana ruwa gudu, sunan kuma ya bi shi. Matan gari kuwa suka lura da inda ruwan ya kwanta a kwarurrukan dutse, suka sa mu muka hawo musu da ƙasa, suka shuka albasa da yakuwa da tattasai. Waɗanda suka yi ƙaura suka fara dawowa, har da matan aure daga garuruwan da suka raina mu. Laure ta zauna, ta ɗauki 'yan ga-ruwa tana koya musu sassaƙa da zagi, ta ce garin ya yi mata, domin akwai sauran mutane da yawa da ba ta yi faɗa da su ba.

Mutum ɗaya ce a Tsololo ba ta shiga murnar ba, ita ce mahaifiyata. Na cika ƙwarya daga kwami na kai mata da hannuna. Inna ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta tofar. Ta ce warin fata yake, kuma salam yake kamar ba ruwa ba, ita ba za ta sha ruwan da ya shigo gari babu wanda ya yi masa gumi ba. Na ce, "Inna, daga tafki ɗaya ne." Ta ce ita ta haife ni, ba ni zan koya mata ɗanɗanon ruwa ba. Ta wuni ba ta sha ba, ta kwana ba ta sha ba, leɓenta ya bushe. Yaya Barau ya ce shi yanzu Sarkin Igiya ne, tulu ba girmansa ba ne.

Saboda haka, in Allah ya kai ku Tsololo, za ku ga fukafukai suna juyi a bakin dutse, za ku ga lambuna kore shar a inda da ƙadangare ke shan rana. A tsohuwar hanyar tafki kuma, wadda ciyawa ta fara rufewa, za ku ga mutum ɗaya tilo yana hawa da tulu a ka, gugan fata suna wuce shi a cike ɗaya bayan ɗaya, suna ɗiga masa a ƙeya. Ni ne. Ku yi mini sannu, amma kada ku tsayar da ni da hira, domin Inna tana zaune a bakin hanya daga sama, tana kallo kada in ɗiba a kwami.